JARIN ATTAJIRI A GONAR TALAKA

Muna farawa da sunan Allah, Wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya saukar da ruwa, Ya ajiye abincin bayinSa a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, abin da ya jawo wannan bayani wata takarda ce. Wani dattijo manomi daga karkarar Bici, a arewacin Jihar Kano, ya same mu bayan sallar La'asar, ya zaro ta daga aljihu a naɗe cikin leda, ya ce, "Allah gafarta Malam, a duba mini wannan. Halal na shiga ko haram?" Takardar da Turanci aka rubuta ta, shi kuwa ajami kaɗai ya sani, yatsa ya dangwala a ƙarshenta. Da aka fassara mana sai muka ji abin da ta ƙunsa. Wani kamfani ya ba shi irin shinkafa da takin zamani da maganin ciyawa bashi, tare da ƙarin wani abu cikin ɗari a kan kuɗinsu. In ya girbe ba zai sayar wa kowa ba sai kamfanin, farashi kuwa kamfanin ne zai yanka ranar awo. In ya kasa biya, gonarsa ta fadama ita ce jingina. Babu ko layi ɗaya da ya faɗi abin da za a yi idan ruwa ya ɗauke, ko tsutsa ta faɗa wa shuka.

Mun ga ya kamata mu kawo maganar a wannan fili, domin masu zuba kuɗi cikin irin wannan ciniki, da masu rubuta takardunsa, da masu buga musu hatimi a ofis, yawancinsu su ne masu karanta mu, watau 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Manomi ya tambaya domin tsoron Allah. Ya kamata wanda ya miƙa masa takardar shi ma ya tambaya.

Ƙasar Da Babu Daji

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina da damina, ya wuce Dawanau ya nufi Bici, ya san abin da ido ke gani. Gona na manne da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa, ga ɗorawa da kuka da tsamiya tsaitsaye a tsakani, ga ƙauyuka kusa da juna. A ƙidayar 1963 da ta 1991 da ta 2006 ƙasar Kano kullum tana cikin wuraren da suka fi cika da jama'a a Nijeriya. Ƙaramar Hukumar Bici, mai faɗin murabba'in kilomita 612, an ƙidaya mutum 277,099 a cikinta a 2006, watau sama da mutum 450 a kowane murabba'in kilomita, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. A nan ba a barin gona ta huta, sai dai a ciyar da ita da takin dabbobi da sharar gari, kamar yadda iyaye da kakanni suka yi shekaru aru aru.

Sa'an nan ga gado. A ce mutum ya rasu ya bar eka shida da 'ya'ya maza uku da mata uku, bayan an fitar da tumunin matarsa kowane namiji ba zai sami eka ɗaya da rabi ba. In shi ma ya rasu, 'ya'yansa kunyoyi za su ƙirga. Wannan shi ya sa da zarar kaka ta wuce samari suke tafiya cin rani, shi ya sa kuma ake yawan sayar da gona ko jinginar da ita domin biki ko jinya.

Saboda haka idan aka ce za a kafa gona mai hekta dubbai a irin wannan ƙasa, mai hankali ya san ba daji za a sare ba. Gonar wani za a karɓa, ko burtalin makiyaya, ko makiyayar gari. Wannan ita ce gaskiyar farko da ya kamata mu riƙe.

Gaskiya ta biyu kuwa, ƙaramin manomi yana bukatar jari. Takin zamani ya yi tsada, iri mai kyau sai da kuɗi, injin ban ruwa sai da mai. Madatsar ruwan Watari da ke Bagwai, maƙwabciyar Bici, ta buɗe wa mutane noman rani, amma ruwa kaɗai ba ya fitar da tumatir. Ba mu cikin masu cewa attajiri ya nisanci gona. Tambayarmu ita ce, ta wace ƙofa zai shiga?

Gani Ga Wane

Bari mu fara da ƙofar karɓar ƙasa. A shekarun 2007 da 2008 abinci ya yi mummunar tsada a duniya, sai ƙasashe masu kuɗi marasa ruwa, da manyan kamfanoni, suka bazama Afirka neman filin noma. A Madagaska, cikin 2008, kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu ya nemi hayar hekta miliyan 1.3 har shekara 99. Jama'a suka fusata, maganar ta shiga cikin abubuwan da suka kayar da gwamnatin Marc Ravalomanana a watan Maris na 2009, aka soke cinikin. A Mali, cikin 2008, an ware wa Libiya hekta 100,000 a yankin noman rani na Kogin Kwara, aka haƙa babbar hanyar ruwa da ta ratsa gonaki, sa'an nan gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011 aikin ya tsaya. A yankin Gambela na Habasha an bai wa kamfanin Karuturi na Indiya fili mai faɗin gaske, bai iya noma ko kusa da rabinsa ba.

Ba sai mun je nesa ba. A Bakolori, kusa da Talata Mafara, an gina madatsar ruwa cikin shekarun 1970, aka karɓi gonakin mutane, aka yi ta jan ƙafa wajen biyan diyya da mayar musu da filaye. Manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sanda, aka rasa rayuka masu yawa. A Jihar Jigawa kuma, a wajejen 2016 da 2017, manoman Gagarawa da maƙwabtansu sun yi ta kuka a kan shirin bai wa wani kamfani kimanin hekta 12,000 domin noman rake. A auna wannan da Bici: hekta 12,000 ta kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na Ƙaramar Hukumar gaba ɗayanta, har da gidajenta da maƙabartunta.

Abin mamaki, arzikin noma mafi girma da ƙasar Kano ta taɓa gani bai zo ta babbar gona ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa rai, amma manoma suka zaɓi gyaɗa tun daga kakar 1912. Dalar gyaɗar da duniya ta sani, wadda attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata suka tara, buhu buhu ta fito daga gandayen talakawa na irin su Bici da Ɗambatta da Gwarzo. Attajiri ya kawo kuɗi da sikeli da hanyar kasuwa, manomi ya riƙe gonarsa. Abin da ya karya gyaɗa farin 1972 zuwa 1974 ne, da cutar da ta faɗa mata a 1975, da ƙarancin farashin da hukumar ciniki ke biya, da komawar hankalin gwamnati ga man fetur. Ƙanƙantar gona ba ta cikin masu laifi.

Hukuncin Ƙasa

Shari'a ba ta hana shugaba ya yanka wa mai ƙarfi fili ya raya ba. Malamai suna kiran wannan iƙɗa'i, kuma Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi. Amma da iyakoki. Na farko, filin ya zama matacciyar ƙasa, wadda ba ta da mai ita. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa harabar gari, watau inda mutanensa ke kiwo da itace da ɗiban ruwa, ba matacciyar ƙasa ba ce, haƙƙin jama'ar garin ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman a kan wannan babi, mai suna Ta'alimur Radi. Na biyu, kada a bai wa mutum ɗaya abin da jama'a ba su iya rayuwa sai da shi. Annabi ya taɓa bai wa Abyad ɗan Hammal wurin gishiri a Ma'arib, da aka sanar da shi cewa wurin kamar ruwa ne mai ɓuɓɓugowa wanda kowa ke ɗiba, sai ya janye kyautar. Na uku, wanda aka ba ya raya. Sayyidina Umar ya karɓe daga hannun Bilal ɗan Haris Almuzani abin da ya kasa nomawa na kwarin Aƙiƙ, ya raba wa Musulmi, alhali kuwa Annabi ne da kansa ya ba shi.

Sayyidina Umar ɗin nan, da aka ci Iraƙi, manyan sahabbai sun nemi a raba ƙasar noma ga mayaƙa, ya ƙi. Ya bar ta a hannun masu nomanta suna biyan haraji, domin waɗanda za su zo baya su sami abin dogara, yana kafa hujja da ayoyin Suratul Hashri, waɗanda a cikinsu Allah Ya hana dukiya ta zama tana kewayawa tsakanin mawadata kaɗai. Ga kuma hadisin Sa'idu ɗan Zaidu a Buhari da Muslim, mai gargaɗin cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai ranar Alƙiyama. In taƙi ɗaya haka ne, ina ga hekta?

A nan muke jan hankalin ma'aikata. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a. Ta ba Ƙaramar Hukuma ikon bayar da fili har hekta 500 domin noma, ko 5,000 domin kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar Gwamna. Ta yarda a karɓi ƙasa domin maslahar jama'a, amma diyyar da ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, kamar shuka da itatuwa da gini, ba ta ƙasar kanta ba. To, manomin da aka biya kuɗin dawar shekara ɗaya da na ɗorawa biyu, aka karɓi gonar da za ta ciyar da jikokinsa, an biya shi a takarda, amma a wurin Allah da sauran magana. Dokar ma ta ce idan Ƙaramar Hukuma ta karɓi gonar mutum ta ba shi wata a madadinta. A Bici ina za a samo ta? Ciniki a Musulunci sai da yardar juna, kamar yadda Suratun Nisa'i ta shar'anta, kuma yardar da aka samu da motar 'yan sanda a tsaye bakin gona ba yarda ba ce.

Noman Yarjejeniya

Ƙofa ta biyu ita ce wadda dattijon nan ya shiga, watau noman yarjejeniya: gona ta zauna hannun mai ita, kamfani ya ba da kayan aiki, ya sayi amfanin. A asali wannan ya fi karɓar ƙasa nesa ba kusa ba, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Kamfanin auduga ya daɗe yana raba iri a ƙasar Zazzau da Funtuwa, masu sayen gyaɗa suna ba da kuɗi tun da bazara, a ƙauye kuma kowa ya san falle, inda mabukaci ke karɓar kuɗi da damina ya biya da amfanin gona da kaka.

A zamaninmu, mafi girman gwaji shi ne shirin lamunin manoma da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015. An haɗa ƙananan manoma da masu masana'antu, musamman na shinkafa, ana ba su kayan noma bashi da ruwa kashi 9 cikin 100. An raba fiye da naira tiriliyan ɗaya. Noman shinkafa ya ƙaru, injinan casa sun yawaita a Kano, amma a farkon 2023 bankin da kansa ya ce abin da aka biya bai wuce rabi da kaɗan na wanda lokacinsa ya yi ba, kuma daga ƙarshen wannan shekara ya janye hannunsa daga irin wannan lamuni. Ambaliya ta ci wasu, wasu kaya sun iso musu bayan shuka ta wuce, wasu sunayen ma ba na manoma ba ne, wasu kuwa sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa. Sai a 2020 aka fitar da ƙa'idojin shirin marasa ruwa, bayan shekara biyar Musulmi na karɓa da ƙyanƙyami a zuci.

Haka nan masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana. A shekarar ce tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir, masana'antar ta tsaya. Bayan haka kuma aka yi ta samun saɓani a kan farashi, domin in kasuwa ta yi tsada manomi can yake kai kwandonsa, in ta faɗi sai kowa ya tuna da kamfani. Darasin a fili yake: yarjejeniyar da ba ta faɗi wanda zai ɗauki asara ba, ranar asara take mutuwa.

Hanyoyin Da Shari'a Ta Buɗe

Ƙa'idar malamai a nan gajeriya ce, riba tana tare da ɗaukar asara. Bahaushe ma ya ce kowa ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida akwai hanyoyi huɗu.

Ta farko ita ce salam. Annabi ya iso Madina ya tarar suna biyan kuɗin dabino shekara ɗaya ko biyu kafin ya nuna, bai hana ba, sai ya shar'anta a san mudu, a san nauyi, a san lokaci, kamar yadda Ibn Abbas ya ruwaito. A mazhabarmu, kamar yadda yake a Risala da Muhtasar, sai a biya kuɗin gaba ɗaya a wurin ciniki, ko cikin kwana uku. A faɗi nau'in hatsi da kyawunsa da yawansa. Lokaci kada ya gaza kamar kwana goma sha biyar, kuma ya halatta a ce lokacin girbi. Kada a ɗaure cinikin da wata gona ɗaya, domin tana iya ƙin yi. Taki da magani suna iya zama kuɗin salam in an san adadinsu, amma ba a ba da hatsi a karɓi hatsi daga baya da sunan ciniki, wannan riba ce. In kuwa ba a biya komai ba, kaya ma babu, to bashi ne aka sayar da bashi, bai halatta a ƙulla shi a matsayin ciniki ba, sai dai ya tsaya alkawari. In lokaci ya yi kayan suka yanke a gari, mai saye ya zaɓa, ko ya jira wata kakar, ko ya karɓi kuɗinsa ba ƙarin ko kwabo.

Sai dai mu yi gargaɗi. Salam na iya cika sharuɗɗa a zahiri ya zama zalunci a baɗini, kamar mai falle da ke jiran watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare yara na kuka, ya sayi buhu a rabin kuɗinsa. Bankunan Sudan sun gamu da wannan a shekarun 1990, da hauhawar farashi ta sa manoma suka ga an cuce su, sai aka ƙara sharaɗin gusar da kamunga: in farashin kaka ya zarce na yarjejeniya da fiye da sulusi, a gyara. Wannan abin koyi ne a ƙasar da darajar naira ba ta zama wuri ɗaya.

Ta biyu, sayar da kayan noma bashi a kan sanannen farashi zuwa sanannen lokaci. Ya halatta farashin bashi ya fi na hannu, matuƙar an yanke shi tun farko kuma ba ya ƙaruwa in an yi jinkiri. Abin da bai halatta ba shi ne a ba da rance a ce sai an ƙara, ko a ce na ranta maka da sharaɗin ka sayar mini da araha, domin Annabi ya hana haɗa rance da ciniki, kuma duk rancen da ya jawo wa mai shi amfani riba ne. A nan ne jinginar gona irin tamu take faɗawa, inda mai kuɗi ke nome gonar shekara da shekaru, bashinsa kuma na nan bai ragu ba. Da yawa daga ma'aikata da 'yan kasuwa suna cin wannan ba su san riba suke ci ba.

Ta uku, tarayya, wadda muka sani da noma mu raba. Asalinta Haibara ce, a shekara ta 7 bayan Hijira, inda Annabi ya bar Yahudawa suna aikin gonaki a kan rabin abin da ya fito. Malikiyya sun tsananta, suka ce kada iri ya zama shi ne ladan ƙasa, kuma rabo ya dace da abin da kowa ya kawo. Abu Yusuf da Muhammadu ɗan Hasan da Imam Ahmad sun faɗaɗa. Amma duka sun haɗu a kan cewa rabo kashi ne na abin da Allah Ya bayar, kamar rabi ko sulusi. Ba a cewa buhu ashirin nawa ne ko an samu ko ba a samu ba, ba a kuma cewa na gefen rafi nawa na tudu naka. In shekara ta yi kyau a yi dariya tare, in ta ɓaci mai jari ya rasa jarinsa, manomi ya rasa guminsa.

Akwai wani abu a labarin Haibara da ya shafi masu sikeli. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Rawaha ne ake aikawa ya kimanta amfanin. In ya kimanta sai ya ba su zaɓi, ko su riƙe su biya rabi bisa kimarsa, ko shi ya riƙe ya biya su. Sun tara masa kayan adon matansu domin ya sassauta, ya ƙi. Mai awon da ya san ana iya juya masa awonsa ba ya tauyewa. A yau kuwa kamfani ne mai sikeli, shi ne mai na'urar gwada danshi, shi ne mai cewa shinkafar nan ta biyu ce ba ta ɗaya ba, manomi na tsaye da hula a hannu. Suratul Muɗaffifina ba ta tsaya kan mudu da tiya ba, ta haɗa da kwamfuta.

Ta huɗu, haya. Wanda yake son babban fili ya karɓi hayar gonaki daga masu su, da kuɗi sananne, zuwa shekaru sanannu, ƙasa ta koma ga mai ita ko magadansa. A mazhabarmu ba a hayar ƙasa da abinci ko da abin da take fitarwa. In kuma fari ya hana amfani, kuɗin haya ya faɗi daga kan mai noma. A lura da adalcin Shari'a, a nan attajirin ne ta sauƙaƙa wa.

Manomi Ma Da Nasa

Kada a ce mun goyi bayan talaka ko da ya yi kuskure. Wanda ya karɓi taki ya kai kasuwar Badume ya sayar, ko ya karɓi kuɗin salam sa'an nan ya ga farashi ya hau a Dawanau ya zagaya da dare ya kai kayansa can, ya ci amana. Wanda ya jiƙa shinkafa ko ya zuba tsakuwa a gindin buhu ya yi algus, Annabi kuwa ya barranta daga mai algus. Kuɗin gwamnati ba ganima ba ne, dukiyar marayu da gajiyayyu na ciki. Jinkirin mai hali zalunci ne. Kowane manomi ɗaya da ya karya alkawari yana rufe ƙofa ga goma masu gaskiya, yana kuma ba kamfani hujjar tsananta sharuɗɗa. Alkawari kaya ne.

Nasiha

Ga 'yan kasuwa muna cewa, ku shiga gona ta ƙofar salam ko tarayya ko haya, ku bar wa mutum asalin ƙasarsa. Wanda kuka raba da gonarsa yau, gobe shi ne mai tura baro a Sabon Gari, ɗansa kuma shi ne mai tare ku a kan titi. Ku biya a kan lokaci, ku kai taki kafin shuka, ku rubuta tun farko abin da za a yi in fari ko ambaliya ta zo. Wanda Allah Ya jarraba da asara ku jinkirta masa zuwa sauƙi, kamar yadda Suratul Baƙara ta yi umarni, in kun yafe ya fi muku.

Ga ma'aikata, musamman na ofishin ƙasa da na gona da na Ƙananan Hukumomi, muna tunatarwa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ta umarci marubuci ya rubuta da adalci, ta kuma ce wanda bashi ke kansa shi ne zai yi shifta. Hikimar ita ce mai rauni ya san abin da ya ɗauka, da bakinsa. Saboda haka takardar da aka rubuta da harshen da manomi ba ya ji ta saɓa wa manufar ayar. A rubuta da Hausa, boko da ajami, a karanta a gaban dagaci da limami da shaidu, a ba shi tasa ya tafi da ita. Sikeli ya zama akwai wakilin manoma a kansa. Kada ku sa hannu a kan cewa fili babu kowa alhali ba ku taka shi ba. Kada kuma jerin sunayen manoma ya cika da 'yan'uwanku na birni. Hakimai da dagatai su ma su tuna cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa cin dukiyar talakawa da ƙarfi cikin abubuwan da suka raba mulkin zalunci da na Musulunci.

Ga manoma kuma, ku haɗa kai. Mutum ɗaya mai eka ɗaya ba ya iya ciniki da kamfani, amma mutum ɗari masu magana ɗaya ana saurarensu. Kada kuma ku ba da gonar duka ga amfanin sayarwa, ku bar wa gero da dawa wurinsu, domin rumbu shi ne 'yancin magidanci.

Dattijon nan mun gaya masa gaskiya. Ƙarin da aka ɗora a kan bashin, in rance ne, riba ne. Farashin da ba a sani ba sai ranar awo, kuma ɓangare ɗaya ne zai yanka, jahilci ne mai ɓata ciniki. Muka ce ya tara abokan nomansa su koma wurin wakilin kamfanin tare da limaminsu, su nemi a mayar da takardar ɗaya daga cikin hanyoyin nan, a yanke kuɗin kaya gaba ɗaya ba ƙari, a ɗaure farashin shinkafa da na kasuwa a ranar awo, a cire gonar daga jingina. Abin da ya riga ya karɓa kuwa ya mayar da kwatankwacinsa ko ƙimarsa ba tare da ha'inci ba. Ya naɗe takardarsa ya mayar aljihu, ya ce, "To Malam, in sun ƙi fa?" Muka ce, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Baɗi ka shuka gerenka, gonarka na hannunka.

Amma amsar tambayar tasa ta gaskiya ba a wurinmu take ba, tana wurin mai karatu da ke da jari ko alƙalami. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.